Shin Da Gaske Nijar Da Chadi Suna Zuƙe Man Arewa Ta Ƙarƙashin Ƙasa?

Chadi ta fara tura ɗanyen mai kasuwar duniya a 2003. Nijar ta fara haƙo nata a Agadem a 2011. Jihar Borno ta yi iyaka da ƙasashen nan biyu, kuma an haura shekara 40 ana neman mai a cikinta, amma ko ganga ɗaya ba a kai kasuwa ba. To me ya sa?

Amsoshi biyu ne suka fi yawo a majalisu da shafukan sada zumunta. Wasu sun ce man kogi guda ne a ƙarƙashin ƙasa, maƙwabta sun riga mu kafa bututu, suna ta zuƙewa har da rabonmu. Wasu kuma sun ce man yana nan kwance, an gan shi tun tuni, wasu ne kawai suka danne maganar don kada Arewa ta tsaya da ƙafarta. Ta farkon ba ta da tushe ko kaɗan. Ta biyun akwai ɗan abin dubawa a cikinta, amma ba yadda ake faɗa ba. Kafin a kai ga siyasa, sai an fara da duwatsu, domin su ne suka yanke hukuncin inda mai zai kasance tun kafin a haifi wanda ya shata iyakar Najeriya da Nijar.

Daga ina man yake fitowa?

Ɗanyen mai ragowar halittu ne. Galibinsa daga wasu ƙananan halittun ruwa yake, irin gansakuka da danginta waɗanda ido ba ya iya gani ɗaya-ɗaya. Suna rayuwa a saman teku ko babban tafki, in sun mutu su nutse su gauraya da laka. A yawancin wurare ruɓewa suke yi su ɓace. Amma inda ruwan ƙasan ba ya motsi kuma babu iskar shaƙa a cikinsa, ruɓewar ba ta kammaluwa, sai lakar ta yi baƙi ta riƙe maiƙonsu.

Koguna kuma ba su daina kawo yashi da laka suna zubawa a kai ba. Shekara dubu, shekara miliyan, wannan baƙar lakar tana ƙara nutsewa. Shi kuma cikin ƙasa, duk kilomita ɗaya da aka nutsa zafi yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30. Idan lakar, wadda a lokacin ta riga ta zama dutse, ta kai inda zafi yake tsakanin digiri 60 da 120 ko ɗan sama da haka, maiƙon nan sai ya narke ya zama ɗanyen mai. Idan zafin ya zarce, man ya farfashe ya koma iskar gas. Idan ya ƙara zarcewa, komai ya ƙone, ba a samun ko ɗaya.

Samuwar man ma ba ta isa ba. Ya fi ruwa rashin nauyi, don haka sama yake nufa, yana bin ƙananan kafofin dutse. Dole ya tarar da dutsen yashi mai kafofi da zai zauna a ciki. Dole a samu wani dutsen mai tauri, wanda ba ya yoyo, ya rufe shi ta sama. Dole kuma shimfiɗar duwatsun ta lanƙwashe ko ta karye ta yadda za ta tare shi wuri guda. Sannan sharaɗin da ya fi wahala: wannan tarkon ya kasance ya riga ya samu kafin man ya fara tafiya. Da yawan wurare a duniya sun cika sharuɗɗa uku ko huɗu, suka faɗi a na ƙarshe, man ya tsiyaye ya fita tun kafin a yi ɗan Adam.

Kwal hanyarsa daban ce. Shi daga itatuwa da ciyayin fadama yake, waɗanda suka taru aka binne su. Shi ya sa a cikin kwal ake ganin zanen ganye da saiwa. Na Inugu, da aka gano a 1909, da na Maiganga a jihar Gombe, da na Anu Araren a arewacin Agadas wanda kamfanin SONICHAR ke ƙonawa yana ba Arlit da Agadas wuta, duk shaida ce cewa wuraren nan sun taɓa zama fadamu masu duhuwar itace.

Tekun da ya ratsa Gombe da Sakkwato

Mai karatu zai ce, to in teku ake buƙata, ina ruwan Arewa da maganar mai? Ai nan ne labarin yake da daɗi.

A da can, Afirka da Kudancin Amurka a manne suke. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce suka fara rabuwa, Tekun Atlantika ya buɗe a tsakaninsu. Wannan jan da aka yi wa ƙasa bai tsaya a gaɓa ba. Ya tsaga cikin nahiyar ma, tsagar ta taso daga inda yankin Neja Delta yake a yau ta nufi arewa maso gabas, tsawon kusan kilomita 1,000. Ita ce kwarin Binuwai. Rassanta sun shiga Nijar, sun shiga Chadi, sun kai har Sudan. Tsagar ba ta ƙarasa raba nahiyar ba, amma ta bar manyan kwaruruka masu zurfi, kuma da ruwan tekun duniya ya ɗaga, sai ya kwararo cikinsu. Akwai lokutan da ruwan gishiri ya haɗe tun daga arewacin Afirka, ya ratsa inda Sahara take, ya sadu da na kudu.

Wannan ba ƙiyasi ba ne, abu ne da ake ɗauka da hannu. A ramin da kamfanin siminti na Ashaka ke fasa dutse a jihar Gombe, ana tsintar ƙwanson wata halittar teku mai kama da katantanwa, a naɗe, da layi-layi a jikinta, wata ta cika tafin hannu, wata ta fi haka, duk ta zama dutse. Halittar ta ƙare a duniya tun shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma ba ta taɓa rayuwa a kogi ko tafki ba, sai teku. Na Ashaka sun haura shekara miliyan 90. Masana daga ƙasashe daban-daban sun yi rubuce-rubuce a kansu, alhali direban tifa da ke ɗibar dutsen watakila bai taɓa sunkuyawa ya duba ba.

A Sakkwato ma haka. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Kalambaina, da takwaransa na Malbaza a Nijar, tarin ƙwanson halittun teku ne da suka danƙare. An tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku mai haƙora a yankin Goronyo, har aka raɗa masa sunan garin, Goronyosaurus. Duk wanda ya gina ɗaki da simintin Sakkwato ko na Ashaka, da ragowar tsohon teku ya yi ginin.

A gefen wannan teku kuma akwai koguna da dazuzzuka. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, inda yau ko ciyawa sai an sha wuya, Faransawa masu neman yuraniyom sun ci karo da ƙasusuwa shimfiɗe a kan rairayi. Masanin Faransa Philippe Taquet ya yi aiki a wurin daga shekarun 1960, daga baya Ba'amurke Paul Sereno ya biyo baya. A nan aka samu Nigersaurus, wani dainaso mai cin ciyawa da ke da haƙora kusan 500, da wani kada mai suna Sarcosuchus wanda tsawonsa ya haura mita 9. Shekarunsu kimanin miliyan 110. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa a tsaye.

Sai dai a lura, ba daga waɗannan manyan dabbobi mai yake fitowa ba, duk da ana yawan faɗin haka. Amfaninsu shi ne suna gaya mana yadda wurin yake a wancan zamani: ina kogi, ina gaɓa, ina zurfin teku. Mai neman mai wannan taswirar yake nema.

Yaya ake sanin shekarun? Hanya ɗaya ita ce yuraniyom ɗin nan da ake haƙowa a Arlit. A hankali yake rikiɗa ya koma dalma, kuma saurin rikiɗar sananne ne, ba ya canzawa: nau'in da ya fi yawa yana ɗaukar kimanin shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya juye. Idan aka samu ƙwayar dutsen da aman wuta ya fitar, aka auna yawan yuraniyom da yawan dalmar da ke cikinta, sai lissafi ya ba da shekarunta. Shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi ta sama, don haka ƙashin da aka samu a tsakanin shimfiɗu biyu da aka auna an san zamaninsa.

Kada a haɗa wannan da tsohon Tafkin Chadi. Gaskiya ne tafkin ya taɓa yin girman da ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, kuma tudun yashin da ya ratsa Maiduguri da Bama tsohuwar gaɓarsa ce. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe a 1987, mai shekara kusan 8,000, daga wancan zamanin na yalwar ruwa yake. Amma wannan labarin dubban shekaru ne, shi kuwa mai miliyoyi yake buƙata. Kasancewar wuri kusa da Tafkin Chadi ba hujjar mai ba ce.

Inda ba za a samu ba ko an shekara ana haƙa

Ba duk Arewa ce tekun ya rufe ya bar wa laka mai kauri ba. Kano, Zariya, Kaduna, mafi yawan Katsina da Zamfara, a kan tsohon dutse mai tauri suke zaune, irin na Kufena da Kwatarkwashi, wanda ya haura shekara miliyan 500 kuma ya samu ne cikin zafin da ba ya barin maiƙon wata halitta. A irin wannan ƙasa, haƙa rijiyar mai zubar da kuɗi ne. Arzikinta daban ne: zinare a Anka da Maru da Birnin Gwari, kuza a tsaunukan Jos. Kuma mun ga abin da zinaren ya jawo a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen a tsakar gida.

Wuraren da ake sa rai su ne kwaruruka: na Borno, na Gongola da sauran kwarin Binuwai, na Bida, da na Sakkwato. Sunayen da masana suka ba shimfiɗun duwatsun ma na gida ne. Dutsen yashin da ake fatan ya riƙe mai sunansa Bima, daga dutsen Bima na Gombe. Baƙar lakar da ake fatan ta haifi man akwai ta Fika, akwai ta Pindiga.

Maganar zuƙewa

A nan ne ake samun babban kuskure. Mai ba tafki ba ne a cikin kogo, ba kuma kogi ne mai gudu ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ake tona rairayin rafi da rani ya san abin: ba a tarar da ruwa a buɗe, yana tsakanin ƙwayoyin yashi ne, yana tsattsafowa a hankali cikin ramin da aka tona, kuma ramin da ke wannan lanƙwasar rafin ba ya ƙafar da na wani gari. Haka mai yake a cikin dutsen yashi, sai ma ya fi ruwa kauri da nawa. Rijiya ɗaya tana janyo shi ne daga 'yan ɗaruruwan mitoci kewayenta, in ta yi nisa kilomita ɗaya ko biyu. Shi ya sa kamfani ke haƙa rijiyoyi da yawa a fili guda. Da rijiya ɗaya tana iya zuƙo na nesa, wa zai kashe kuɗin haƙa ta biyu?

Kowane tarko kuma a killace yake, dutse marar yoyo ya kewaye shi. Rijiyoyin Agadem suna sama da kilomita 100 daga iyakar Najeriya. Na Doba a Chadi ma ba a kusa da tafkin suke ba sam, suna can kudancin ƙasar wajen iyakar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ɗaruruwan kilomita daga Maiduguri. Daga can aka ja bututu mai tsawon kimanin kilomita 1,070 zuwa Kribi a gaɓar Kamaru.

Ana iya samun fili guda da iyaka ta raba shi biyu, kuma a nan zargin yana iya yin ma'ana. Iraƙi ta zargi Kuwait da haka a kan filin Rumaila kafin mamayar 1990. Hanyar da ƙasashe suka saba bi ita ce su auna filin su raba, kamar yadda Najeriya da Sao Tome suka yi yarjejeniya a 2001 a kan yankin teku da ke tsakaninsu, kashi 60 da kashi 40. Amma wannan sai filin ya hau kan iyakar kanta. Tsakanin Agadem da Borno ba haka abin yake ba.

To me ya bambanta Agadem da Borno?

Tsaga ɗaya ce ta haife su, amma ba su yi girma iri ɗaya ba. Kwarin Termit, inda Agadem take, ya nutse sosai, kaurin laka da yashin da suka cika shi ya haura kilomita 10 a wasu wurare. Ya kuma sake nutsewa karo na biyu a wani zamani na baya, inda aka samu sabon dutsen yashi mai kyau da laka mai kauri ta rufe shi. Mafi yawan man Nijar a wannan shimfiɗar ta sama yake. A ɓangaren Borno, masana da dama suna ganin wannan shimfiɗa ba ta samu yadda ya kamata ba, sannan narkakken dutse ya kutsa cikin kwarin a wurare da yawa ya ƙara zafi. Ƙarin zafi kuwa, kamar yadda aka faɗa a sama, gas yake bayarwa.

Abin da haƙa ya nuna ke nan. Kamfanin mai na gwamnatin Najeriya, NNPC, ya haƙa rijiyoyi 23 a kwarin Borno daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa shekarun 1990. Biyu daga ciki, Wadi da Kinasar, sun nuna alamar gas, amma ba mai yawan da za a yi kasuwanci da shi ba.

Masu cewa a ci gaba da nema suna da hujja a nan. Rijiya 23 a yanki mai faɗin kwarin Borno ba wani abu ba ne, kuma an haƙa su da hotunan ƙarƙashin ƙasa na wancan zamani. Ana ɗaukar hoton ne ta hanyar jijjiga ƙasa da manyan motoci ko nakiya, a jera na'urori suna sauraren yadda sautin ke dawowa daga kowace shimfiɗa. Na yanzu ya fi na da fitowa nesa ba kusa ba. Ita kanta Agadem, kamfanonin Turawa sun yi shekaru suna haƙa, sun ga mai, suka ce bai kai a ja masa bututu ba, suka tafi. Sai da kamfanin CNPC na China ya karɓa a 2008 ya haƙa rijiyoyi masu yawa aka san girman abin.

Sannan akwai tsaro. A watan Yulin 2017 mayaƙan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri, cikinsu da malaman Jami'ar Maiduguri, aka kashe mutane da dama, aiki ya tsaya. Sai a watan Mayun 2023 aka ƙaddamar da haƙa wata sabuwar rijiya, Wadi-B.

Batun dannewa fa? Abin da za a iya tabbatarwa shi ne aikin ya yi ta tsayawa yana tashi gwargwadon wanda ke kan mulki, kuma manyan kamfanoni ba su taɓa ɗokinsa ba. Dalilinsu a fili yake. Tun da aka samu mai a Oloibiri a 1956, Neja Delta ta zama wurin da in ka haƙa da wuya ka tashi a banza, ga teku kusa, jirgi ya ɗauka ya wuce. Ɗan kasuwa ba ya barin wannan ya tafi inda zai kashe miliyoyin daloli a rijiyar da galibi busasshiya take fitowa. Sakaci da rashin ɗorewar manufa, e. Amma a ce akwai wani tabbataccen tafkin mai da aka rufe aka ɓoye, rijiyoyin da aka haƙa ba su nuna haka ba.

Kolmani: ganowa daban, haƙowa daban

A ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Shell, Chevron da Elf kowanne ya haƙa rijiya ɗaya a kwarin Gongola. Ta Shell, a Kolmani, ta nuna gas kaɗan, sauran biyun ba su ba da komai ba. A 2019 NNPC ta koma wurin ta haƙa ta biyu, ta nutsa fiye da ta farko, kuma a watan Oktoban shekarar ta sanar da cewa ta samu mai da gas. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je wurin, a kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da aikin. An ambaci ganga biliyan 1 ta mai, da gas kubik ƙafa (ma'aunin yawan gas) biliyan 500, da jarin dala biliyan 3, da alkawarin matatar mai, tashar wuta da masana'antar taki.

Samun man a kimiyyance babban abu ne, domin ya tabbatar da cewa sharuɗɗan nan duka sun haɗu a wani wuri a Arewa. Amma lambar biliyan 1 tana buƙatar fassara. Man da ke kwance cikin dutse daban, wanda za a iya fitarwa daban. A duniya, abin da ake iya fitarwa daga fili bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran yana maƙale a kafofin dutse. Sannan wanda za a iya fitarwa daban, wanda za a fitar a ci riba daban. Ba a sanin wannan sai an haƙa ƙarin rijiyoyi kewaye da ta farko, an bar man ya gudana kwanaki ana auna ƙarfinsa. Idan aka kwatanta, tabbataccen man Najeriya gaba ɗaya kimanin ganga biliyan 37 ne, kusan duka a Neja Delta da cikin teku.

Sai nisa. Kolmani tana da ɗaruruwan kilomita daga teku. Ko dai a gina matata a wurin, ko a ja bututu. Nijar ta gwada duka biyun. Ta fara da matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. Don ta sayar a waje kuwa sai da aka ja bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin, wanda ya fara aiki a 2024. Tun jirgin farko bai ɗauka ba rikicin rufe iyaka tsakanin ƙasashen biyu ya taɓa shi, daga baya kuma 'yan tawaye suka fasa shi. Har zuwa 2025, man Kolmani bai shiga kasuwa ba.

Masu goyon baya da masu suka

Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangaren ribar NNPC don neman mai a sababbin yankuna. 'Yan Neja Delta da dama sun ji haushin wannan, ganin cewa al'ummomin da ake haƙo man a ƙasarsu kashi 3 na kuɗin gudanarwar kamfanoni aka ba su. Masu suka suna cewa caca ce da dukiyar jama'a, kuma da an zuba kuɗin a noma, wuta da makarantu da Arewa ta fi amfana. Suna ƙarawa da cewa duniya na ƙoƙarin rage ƙona mai saboda ɗumamar yanayi, bankunan Turai suna ja da baya daga irin waɗannan ayyuka, ita ma Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa daga iska ba. Filin da aka fara yau yana iya ɗaukar shekara 10 kafin ya mayar da kuɗinsa.

Masu goyon baya suna cewa ƙasa ba ta barin arzikinta ba ta san da shi ba, kuma inda kamfanoni suka ƙi shiga dole gwamnati ta fara share hanya. A ganina dukkansu suna da gaskiya a wani gefe, amma abin da ya fi damuna ba a cika faɗinsa ba: sakamakon rijiyoyin ba ya fitowa fili yadda masanan jami'o'inmu za su duba su yi gardama a kai. Abin da jama'a ke samu shi ne jawabin biki, galibi dab da zaɓe.

Me talaka zai gani?

Farashin fetur ba zai sauka don an samu mai a Bauchi ba. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, farashin yana bin kasuwar duniya da darajar naira ne, ba nisan rijiya ba. Nijar da ke da rijiyoyi da matata ta yi fama da dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025.

Man kuma ba na mai gona ba ne. Tsarin mulki ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, abin da manomi zai samu diyyar amfanin gona da gini ne. Jiha tana samun kashi 13 cikin 100, amma sai an fara haƙowa ana sayarwa, kuma wannan kason ne ya sa tun ba a je ko'ina ba aka fara ja-in-ja tsakanin mutanen Bauchi da na Gombe kan ɓangaren da rijiyoyin suke. Aikin yi ma ba shi da yawa kamar yadda ake zato. Lokacin gini ana ɗibar lebura da direbobi da masu gadi, in an gama sai 'yan ƙwararru kaɗan su rage.

Akwai kuma ruwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran ɓarnar da mai ya yi a can zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Can ruwan sama ya wadata. A Alkaleri ko Akko, inda gari guda da garken shanunsa suke dogaro da rijiya ɗaya ko kududdufi ɗaya, malalar mai sau ɗaya tana iya tayar da ƙauye. Wannan ne ya kamata sarakuna da 'yan majalisar yankin su nemi a rubuta a sa hannu tun yanzu: wa zai auna ruwan kafin a fara, wa zai biya in ya gurɓace.

Idan duwatsun Borno da Gongola sun fi karkata ga gas, kamar yadda rijiyoyin farko suka nuna, wannan ba lalle ya zama asara ba. Da gas ake yin takin yuriya, da shi ake juya injinan wuta, kuma waɗannan biyun su ne abin da manomin Arewa da mai masana'antar Sharaɗa ko Bompai suka fi nema. A yanzu daga kudu ake ƙoƙarin kawo shi, ta bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020. Gas ɗin da aka samu a Gombe ko Borno zai rage wannan tafiyar, in ya kai yawan da za a gina masa masana'anta. Alamun da za su nuna aikin Kolmani ya wuce biki su ne a ji adadin gangar da kowace rijiya ta fitar a rana lokacin gwaji, a ji sunan wanda ya sa hannu zai zuba kuɗin da nawa ya zuba, a kuma ga an fara share hanyar bututu ko harsashin matata.